Habboba Ta Tafi, Ladi Na Riƙe da Ƙwai a Baki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina kasuwar Shuwak a kan lori, muna sauke albasa, wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Baffa Idi sai na fara dariya tun ban ɗauka ba, domin labari ɗaya nake jira daga gida a makon nan, kuma na san wadda za ta sa shi ya kira ni. Na ce, "Baffa, an sauka ke nan? Ka gaya wa amaryata ina tafe da ragon suna." Bai yi dariya ba. Can ya ce, "Sale, sauko daga motar tukuna." Ban sauko ba. A nan tsaye, buhu na kafaɗata, ya gaya mini Allah ya karɓi ran Habboba bayan sallar asuba, tana zaune a kan darduma da carbi a hannunta. Ba ta yi jinya ba, ba ta wahalar da kowa ba. Direbanmu ya bar albasar a hannun dillali ya juya da ni Gadarif, Allah ya saka masa da alheri, na kuwa samu jana'iza.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce wace haihuwa ake jira a ɗakin tsohuwar da ta doshi tamanin. Haihuwar kifi ce, kuma zan zo kanta. Marigayiyar ita ce Hajja Kulu, mahaifiyar babana, wadda mu jikoki muke ce wa Habboba kamar yadda ake kiran kaka a ƙasar nan. A ɗakinta aka yaye ni, a gabanta na girma bayan rasuwar babana. Ni nake ce mata amarya, ita take ce mini ango, kuma tun da na yi wayo ban tuna ranar da muka gaisa babu tsiya a ciki ba. In na ce, "Amarya, haƙoran nan sai raguwa suke yi, anya ba zan ƙaro wata ba?" sai ta ce, "Ƙaro mana, ango. Wadda za ta auri mutumin da ya kai Sabbi a allo ya ajiye, ai ta fi ni haƙuri." Ina rubuta wannan ne domin masu ta'aziyya da yawa sun tare ni suna tambayar abin da ya faru a ɗakinta ranar sadakar uku, kowa da irin labarin da ya ji. Ni kuwa ban san yadda zan ba da labarin Habboba in bar kifinta ba.

Habboba 'yar masunta ce. A wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi wajen Sinnar aka haife ta, ta tashi tana taya mahaifinta gyaran koma. Aure ya kawo ta Gadarif, garin da ruwa ke zuwa a bayan jaki. Shekara da shekaru tana sayen ruwa wurin mai karo, wato mai amalanken jaki, tana toya kisra, siririyar gurasar dawa ta ƙasar nan, tana aikawa kasuwa, da haka ta reni 'ya'yanta. Ban taɓa jin ta yi kuka da garin ba. Abin da na lura kawai shi ne, in ruwan sama ya sauka ya taru a kwaroron bayan gida, sai ta ja kujerarta ta zauna tana kallonsa har ƙasa ta shanye.

Shekarar da na fara bin lori, na karɓi wasu 'yan ƙananan karfasa, waɗanda Larabawa ke ce wa bulti, a hannun masu kamun kifi a kogin Shuwak, na zo da su da ransu cikin jarka. Na juye su a randarta, na laɓe a bayan ƙofa ina jiran ta zo ɗibar ruwan alwala ta kwarma ihu. Ta zo, ta ɗaga murfi, ta zura moɗa. Shiru. Na leƙo sai na gan ta a tsugune, hannunta cikin randa har gwiwar hannu, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa baƙin nesa barka da zuwa. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Fito, ango, na ga ƙafarka. Waɗannan mutanen garinmu ne. Je ka nemo mini yashi mai laushi." Duk tsiyar da na shuka a unguwar nan, wannan ce kaɗai ta juye a hannuna ta zama kyauta.

Daga randa suka koma baho. Da ta ga baho ba ya bari ta gan su da kyau, sai ta sa Baffa ya kai ta wurin mai yankan gilashi a kasuwa, ta auna masa abin da take so da kamun hannunta, ya haɗa mata akwatin gilashi ya liƙe. Aka ɗora shi a kan benci a ɗakinta, inda rana ba ta kaiwa. Baffa ya sayo mata ɗan injin da ke hura iska a cikin ruwa. In wuta ta ɗauke, kuma kun san wutar garin nan, sai ta ɗauki ludayi ta dinga ɗibar ruwan tana zubowa daga sama domin ya sha iska, hannu ɗaya na ludayi, ɗaya na carbi. Ruwan mai karo ba ya shiga akwatin ranar da aka kawo shi. Takan ce, "Ruwa baƙo ne, a bar shi ya kwana kafin a haɗa shi da mutanen gida." Tsohon ruwan da ta rage kuma ba ya zuba a banza, gindin kuɓewa da na'ana'a yake tafiya. Goggo Asabe, babbar 'yarta da ke aure a Simsim, duk zuwan da za ta yi sai ta ce, "Inna, mutane na neman na sha, ke kina saya wa kifi wurin kwana." Habboba ta ce, "Asabe, ruwan wankansu ne ya ba ki miyar da kika yi ƙari jiya."

Amma wanda bai ga Habboba a gaban gilashin nan lokacin auren kifi ba, bai gama saninta ba. Namijin, wanda ta raɗa wa suna Umda, wato mai gari, saboda yadda yake yawo kamar garin na ubansa ne, sai ya fara sauya launi, ƙirjinsa da wutsiyarsa su yi ja-ja. Ya zaɓi kusurwa, ya dinga ɗibar yashi da baki yana tofarwa gefe, har ya haƙa rami zagayayye kamar kasko. Duk wanda ya matso sai ya fatattake shi. Habboba takan ƙwala mini kira tun daga tsakar gida, "Ango, zo ka ga namijin da ke gina ɗaki kafin ya nemi aure, ko ka koyi wani abu." Sai macen ta zo ta duba ramin, ta zaga, ta tafi, ta dawo, kamar mai taya kaya a kasuwa. In ya yi mata sai ta zuba ƙwai, 'yan mitsi-mitsi ruwan ɗorawa kamar gero, namijin ya bi ta kansu. Daga nan ta juyo ta tsince su da bakinta, ba ta barin ko ɗaya.

Ranar da na fara ganin haka na dafe kai na ce, "Amarya, wannan ai mayya ce, ta cinye 'ya'yanta." Habboba ta yi dariya har da tari. Ta kama kunnena ta kai idona jikin gilashi ta ce, "Duba haɓarta." Na duba, sai na ga ƙasan bakin ya kumbura kamar na mai guntsar ruwa, tana motsa shi a hankali, tana juya abin da ke ciki. Ta ce, "Goyo ne. Mu a baya muke goyo, ita a baki." Ta gaya mini haka za ta riƙe su wajen mako biyu, ba ci, ko an zuba abinci a gabanta sai ta kauda kai, har su ƙyanƙyashe a cikin bakin su yi ƙarfi. Ta ce mahaifinta in ya kama karfasa ya ga haɓarta ta sauko, mayar da ita ruwa yake yi, ko da ranar gidan babu cefane.

Saboda masu goyon nan ta sa aka haɗa mata ƙaramin akwati na biyu a ƙuryar gadonta, wanda take kira ɗakin jego. Da ƙwarya take mayar da mai goyo can. Ba ta kama ta da hannu, ba ta fitar da ita daga ruwa, lallaɓa ta take yi har ta shiga ƙwaryar da kanta, sannan ta ɗauke ta da ruwanta. Dalili kuwa, mai ƙwai a baki in ta firgita, ko ta tofar da su su lalace, ko ta haɗiye. Mun gani da idonmu wata shekara da maƙwabta suka yi biki suka kafa lasifika a jikin katangarmu, gari ya waye haɓar kifin ta koma daidai, babu ƙwai, babu 'ya'ya. Ranar Habboba ba ta sha shayinta ba. Tun daga nan ta kafa doka, kuma ni dokar ta fi shafa. In akwai mai jego, iyakata bakin ƙofa. Takan ce, "Kai bakinka ba shi da murfi, ita kuwa aikinta ke nan rufe baki. Ba za ku zauna ɗaki ɗaya ba."

Daga bakin ƙofar nan na koyi duk abin da na sani. Na ga yadda take dafa ƙwan kaza ta ciri gwaiduwa, ta ɗan taɓa da tsinken tsintsiya ta kaɗa wa 'ya'yan a ruwa. In na ce ta ƙara musu, rowa ta yi yawa, sai ta ce, "Ƙoshi ya fi yunwa kashe ɗan kifi." In sun tasa ta koma ba su garin busasshen kifi da ta daka ta tankaɗe. In sun kai tsawon ɗan yatsa ta rarraba wa yaran unguwa a kwalabe, amma sai yaro ya kawo uwarsa ta yi alkawarin za ta sa ido. Waɗanda suka yi wa akwati girma ni nake mayar da su kogin Shuwak a jarka. Habboba na son kifi a miya kamar me, amma na kasuwa take saye. Na taɓa ce mata mu soya Umda mu huta da girman kansa, ta ce, "Ango, ba a cin maƙwabci."

Macen da ke cikin ɗakin jego ranar da Habboba ta rasu, Ladi ce sunanta, jikar waɗancan na cikin randa. Habboba ce ta lallaɓa ta cikin ƙwarya da hannunta. Ranar da zan tafi Shuwak na tsaya a bakin ƙofa ina yi mata sallama, sai ta ce, "Shigo." Na ɗauka kunnena ne. Ta ce, "Shigo, amma ka bar bakinka a waje." Na shiga da sanɗa, ta nuna mini haɓar Ladi, ta ce cikin raɗa, "Hannuna ya fara rawa da ƙwarya. Waɗannan in sun fito naka ne, kai za ka rene su. In ka kashe su in sake ka." Na ce mata mace ba ta saki. Ta ce, "A ɗakin nan tana yi." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Da muka dawo daga maƙabarta, maza suka zauna a rumfar da aka kafa a ƙofar gida, ni kuwa na zarce ɗakinta. Gida ya cika maƙil da mata, daga unguwa, daga Simsim, har da dangin Sinnar da ke hanya. An ɗauke wuta. Ɗakin Habboba, wanda ko tari ba a yi da ƙarfi, ya cika da kuka da ƙarar tire da kofuna. Na kutsa ƙuryar gado. Ladi na nan a kusurwa, ta yi duhu saboda tsoro, amma haɓarta na nan a kumbure. A nan na gane abin da ke kaina. Amanar ƙarshe da tsohuwar nan ta ba ni tana cikin bakin kifi, a tsakiyar gidan makoki, kuma ni da aka sani da tada hayaniya ni zan nemo shiru. Na ɗauki ludayi na fara zuba ruwa, hawaye na zuba tare.

Haka na yini ina zirga-zirga, in zauna a rumfa in karɓi gaisuwa, in zame in shiga in ba ruwa iska, har Baffa ya ja ni gefe ya ce, "Sale, cikinka ne ya ɓaci?" Da na yi masa bayani ya ce in je, zai riƙa amsa gaisuwata.

Kashegari abin ya ƙara lalacewa. Wata yarinya ta zuba wa Ladi gutsuren kisra, Ladi ta kauda kai. Iya Tabawa, ƙawar Habboba tun zuwanta garin nan, ta gani ta riƙe baki ta ce, "La ilaha illallahu, kifin Hajja ya daina cin abinci. Takaba ta shiga." Kafin a sha shayin hantsi labari ya zaga gida ya fita unguwa, wai kifin Hajja Kulu na takaba. Mata suka yi layi. Wannan ta manna fuska a gilashi, wannan ta ƙwanƙwasa da zobe domin ya juyo, wannan ta ɗaga jaririnta ya gani, wata ta kunna fitilar waya. Ladi ta dinga bugun kusurwa zuwa kusurwa. Na ce su yi haƙuri su matsa, wa zai saurari Sale? Wata ma cewa ta yi, "Yau kuma me ka ƙulla?"

Sai halina ya zo mini da dabara. Na buɗe akwatin kayan Habboba na ciro farin yadi, irin wanda matan da suka rasa miji ke ɗaurawa a nan, na gyara murya na ce, "Iya Tabawa, ke ce babba. Tunda kun ce takaba take yi, a garinku ana leƙa mai takaba? Ana haska ta da fitila?" Iya Tabawa ta ce, "Wallahi yaron nan ya yi gaskiya. Ku matsa." Na lulluɓe akwatin da yadin, na bar 'yar kafa ta sama. Nan take ɗaki ya yi sanyi. Mata suka koma magana ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa daga Simsim har ta rusuna a gaban yadin ta ce, "Ya haƙuri?" Da a wata rana ce, da sai an ɗauke ni daga ƙasa saboda dariya. Ranar cizon leɓe na yi na sunkuyar da kai.

Goggo Asabe kuwa ba a yi mata irin wannan. Tun da aka yi rasuwar ita ke riƙe da gidan, daga tukunya zuwa tabarmar baƙi, idonta a bushe, muryarta a tsaye. Ta ja ni bayan ƙofa ta ce, "Sale, ko a makokin uwata ba za ka bar shaƙiyanci ba? Ka sa dattawa suna yi wa kifi ta'aziyya. Cire tsumman nan, kuma da an tashi daga zaman nan za a fitar da gilasan nan daga ɗakin."

Na ce, "Goggo, zo ki ga abu ɗaya, sannan ki yi yadda kika ga dama."

Na ɗaga gefen yadin kaɗan. Na nuna mata haɓar, na gaya mata abin da ke ciki, da abin da zai faru in Ladi ta firgita, da maganar da Habboba ta yi mini. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Inna ta sha gaya mini, na ɗauka tatsuniyar mutanen kogi ce." Sannan ta ce, "Tun yaushe rabonta da abinci?" Na ce ya fi mako. Ta sauke yadin da hannunta, ta fita tsakar gida ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ku saurara. Sale ya yi muku irin tasa. Babu wata takaba. Jego ake yi a ɗakin nan, 'ya'ya ne a bakinta. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san abin da mai jego ke so."

Na ɗauka za su cinye ni ɗanye. Iya Tabawa ta nuna ni da sanda ta ce, "Ɗan nema, Allah ya shirye ka." Amma ga mamaki, gaskiyar ta fi ƙaryata aiki. Mata suka kwashe tabarmi suka koma ƙarƙashin rakuba, wato rumfar da ke tsakar gida. Aka mayar da wanke-wanke can bayan madafa. Yaro in ya ɗaga murya, uwaye uku ke ce masa, "Kai, akwai mai jego." Goggo ta ajiye kujera 'yar tsugune a bakin ƙofar ɗakin ta zauna, daga nan take ba da umarnin girki da hannu. In na fita rumfa, ita ke karɓar ludayi.

Ranar sadakar uku da hantsi, an gama addu'a a rumfa, ana fitar da tiren abinci, wata yarinya ta zo ta taɓa ni ta ce Goggo na kira. Na tashi da gudu, na tuna, na koma sanɗa. Na tarar da Goggo a durƙushe gaban akwatin, ta ɗage yadin, ta ɗora yatsa a leɓe. Ladi ta sauko kusa da yashi, ta ja da baya kaɗan, ta buɗe baki. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an buɗe bakin buhun riɗi a cikin ruwa. Suka fito tuli guda, kowanne bai wuce ƙwayar riɗi mai wutsiya ba, idanu baƙaƙe, suka yi gajimare a gaban fuskar uwarsu, ba mai iya ƙirga su. Na ji ihu ya taso mini tun daga cibiya, na kama bakina da hannu biyu.

Goggo ta ɗaga hannu za ta dafe ƙirji, inuwar hannun ta gifta kan ruwan. Kafin ƙiftawar ido Ladi ta karkata ta buɗe baki, 'ya'yan nan suka yi rububi suka afka ciki, na ƙarshe yana ta ƙoƙarin cusa kansa ta gefen leɓe. Ruwa ya koma wayam. Goggo ta damƙi hannuna ta ce, "Na kashe su. Sale, ta haɗiye su."

Na ce, "Jira, Goggo. Ɓoye su ta yi."

Muka tsaya kamar gumaka. Can Ladi ta duba hagu, ta duba dama, ta sake buɗe baki, suka fito suna warwatsuwa kamar yaran da aka taso daga makaranta. Goggo ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya, sai kuka. Tun ranar rasuwar sai a lokacin ta yi kukan uwarta. Ta ce, "Haka take. In an yi tsawa duk sai ta tattara mu cikin zanenta, har 'ya'yan maƙwabta." Na bar ta ta yi mai isarta.

Daga nan Goggo ta shiga shigo da mutane bibbiyu, ba takalmi, ba magana. Iya Tabawa ta shigo ta gani, ta ɗaga kai ta fara guɗa, ta tuna gidan makoki ne kuma ɗakin jego, ta haɗiye rabin guɗar har ta ƙware. Baffa Idi ya shigo ya tsaya yana murmushi, hawaye na bin gemunsa. Limamin unguwa da kansa ya nemi a shigo da shi, ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tabarakallah," ya fita da baya-baya kamar mai barin gaban manya. Na dafa ƙwai, na ciri gwaiduwa, na taɓa tsinken tsintsiya na kaɗa. Zuciyata na cewa in ƙara, ban ƙara ba. Suka yi caa a kai.

Da yamma, bayan an naɗe rumfa, na tambayi Goggo yaushe za a fitar da gilasan. Ta harare ni ta ce, "Wa ya ce za a fitar? Ka kwaso shimfiɗarka ka dawo ɗakin nan. In sun kai yatsa ka ware mini nawa, zan sa a haɗa mini akwati a Simsim." Yanzu haka da nake rubutun nan Ladi ta daina karɓarsu a baki, na mayar da ita babban akwati da ƙwarya, ba ta ko girgiza ba, tana cin abinci kamar mai rama bashi. 'Ya'yan suna nan, kullum sai na ga sun ƙaru da ɗan wani abu.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu ta zo gare ka. Ta ji tausayin abin da ba ya iya roƙo, ka ji tausayinta. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sanyaya makwancinta. Ta yi zaman haƙuri a garin ƙishirwa, ka saukar da ita a Aljannar da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinta, ka haɗa ta da iyayenta da mijinta da ɗanta, babana. Ka ba Baffa Idi da Goggo Asabe haƙurin rashinta, ka haɗa kan zuriyarta, ka saka wa duk wanda ya tako ya yi mana ta'aziyya, da duk wadda ta rage muryarta a tsakar gidanmu. Ni kuma ka ba ni ikon riƙe abin da aka ba ni. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi mata Fatiha. Amin.